Gandun Beaucastel: me ake saya a cikin kwalbar jar giyar Faransa?

Duk wanda ya bi babbar hanyar A7 daga Lyon zuwa Marseille, da ya wuce garin Orange kaɗan zai ratsa ta gonakin inabi na wani gida da ake kira Château de Beaucastel. A idon mai wucewa gona ɗaya ce titi ya raba: dama inabi, hagu inabi, ƙasa mai duwatsu, iyali ɗaya ke nomawa, ma'aikatan da suka tsinke na nan su ne za su tsallaka su tsinke na can. Amma giyar da aka yi da inabin gefe ɗaya ana rubuta mata Châteauneuf-du-Pape a jikin kwalba, ta ɗaya gefen kuma, wadda suke kira Coudoulet, sai dai a rubuta mata Côtes du Rhône. A kasuwa kuɗin ta biyun bai kai rabin na farkon ba. Abin da ya raba su wani layi ne da aka shata a taswira tun kafin a yi titin.

Ni ba mashayi ba ne, hukuncin giya a Musulunci kuma ba ɓoyayye ba ne, ba shi ne zancen yau ba. Ɗanɗano na bar wa masu shi. Abin da ya ja hankalina shi ne farashi: ta yaya ruwan ɗan itace zai zama kadarar da ake gwanjonta kamar zinariya, kuma me ya sa kalmar "na iyali ne" take ƙara masa daraja?

Faransawa za su ce maka amsar tana cikin ƙasa. A Beaucastel da wuya ka ga ƙasar ma, don mulmulallun duwatsu sun rufe ta, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu sun kai ƙaramar ƙwarya, waɗanda tsohon kogin Rhône ya gangaro da su daga tsaunukan Alps tun zamanin da ba a rubuta ba. Da rana su sha zafi, da dare su saki, a ƙarƙashinsu kuma akwai yumɓu mai riƙe laima har tsakiyar bazara. Yawancin kuringun inabin gajeru ne, ba a ɗora su kan waya ba, an datse su sun tsaya kamar tafin hannu a buɗe, saboda wata iska da suke kira mistral. Daga arewa take zuwa ta bi kwarin kogin, mai sanyi da bushewa kamar hunturu amma ba ƙura, tana kaɗawa fiye da kwana ɗari a shekara, wani lokaci da ƙarfin karya reshe. Tana wahalar da manomi, amma tana busar da ganye bayan ruwa, ta hana cututtukan da laima ke haifarwa. Duk wannan, ƙasa da iska da rana da hannun manomi da abin da ya gada na dabara, shi suke dunƙulewa a kalma ɗaya, terroir. Manomin da ya san bambancin jigawa da fadama ba zai ji baƙon abu a nan ba.

Sai dai kada a bari duwatsun su ruɗi mutum. Yankin Châteauneuf-du-Pape ya kai hekta 3,200 a ƙasar garuruwa biyar, kuma ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Akwai mai duwatsu, akwai mai farar ƙasa, akwai rairayi. Château Rayas, wanda giyarsa ta fi ta kowa tsada a yankin, a kan rairayi yake, kusan ba dutse. Ke nan ƙasa tana da nata rabon, amma ba ita kaɗai ta yi farashin ba. Sauran aikin doka ne, dokar kuma algus ne ya haife ta.

Sunan garin yana nufin sabuwar fadar Fafaroma. A 1309 fadar Fafaroma ta koma Avignon, kuma Fafaroma John na 22 ya gina gidan hutu a wannan ƙauye da ke kusa. Amma sai a 1893 garin ya ɗauki wannan suna a hukumance, a da Châteauneuf-Calcernier ake ce masa, sunan da ya samo daga farar ƙasar da ake haƙa a wurin. Kowa ya san wanne ya fi sayar da kwalba.

A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya shigo daga Amurka a jikin dashen inabi. A wannan kudancin kwarin Rhône aka fara ganin ɓarnarsa, kafin ya bi gonakin Faransa kusan ko'ina yana kashewa. An gwada magani, an gwada cika gona da ruwa, a ƙarshe abin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Faransa a haɗa da gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau kusan kowace kuringa a Faransa 'yar aure ce. Giyar da suke alfahari da ita a matsayin ruhin ƙasarsu, gindinta Ba'amurke ne.

A shekarun ƙarancin, 'yan kasuwa suka koyi haɗa giya da busasshen inabi da sukari da ruwa da launi. Da gonaki suka farfaɗo ba su daina ba, ga kuma giyar Aljeriya, wadda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa gonakinta a ƙasar Musulmi, tana kwararowa cikin jiragen ruwa. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman inabin kudu suka yi bore, ɗaruruwan dubban mutane suka taru a Montpellier, sojoji suka buɗe wuta a Narbonne aka rasa rayuka. Shi kuwa Châteauneuf cuta biyu ake masa: dillalai na sayen giyarsa mai ƙarfi su kai Burgundy, wani yankin inabi da ke arewa da nan, su gyara raunanniyar giyar can, su sayar da sunan can, wasu kuma su kawo inabin wani wuri su sayar da sunan Châteauneuf.

A 1923 manoman garin suka kafa ƙungiya, suka sa Baron Pierre Le Roy a gaba, lauya ne kuma tsohon matuƙin jirgin yaƙi da ya auri 'yar gidan Château Fortia. Abin da suka yi shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk tarihin. Ba su tsaya ga neman a hukunta masu algus ba, kansu suka ɗaura wa takunkumi. Suka shata iyakar inda za a noma inabin da zai ɗauki sunan. Suka ƙayyade irin da za a shuka, waɗanda suka zama iri 13. Dole a tsinke da hannu, dole a tsince a zubar da wani kaso na marar kyau, dole ƙarfin barasar ya kai kashi 12.5 cikin ɗari ba tare da ƙarin sukari ba. Yawan amfanin ma an sa masa iyaka, a yau lita 3,500 a hekta, wato kwalba wajen 4,600, alhali gonar inabin da aka sake wa taki da ban ruwa tana iya ninka haka sau biyu ko uku. Suka yi shekaru a kotu kafin su yi nasara. A 1935 gwamnati ta kafa kwamitin ƙasa, wanda daga baya ya zama INAO, hukumar da ke kula da sunayen asali, kuma ranar 15 ga Mayun 1936 Châteauneuf-du-Pape ya shiga sahun wurare shida na farko da suka sami tambarin AOC, wato suna mai asali da doka ke tsarewa.

Manomi ya yarda ya noma kaɗan domin ya sayar da tsada, kuma maƙwabcinsa ma dole ya bi, in ba haka ba ya rasa sunan. Sunan gari ya zama dukiyar gamayya wadda ba mai iya ɗauka ya tafi da ita. Amma a ganina a faɗi gaskiya dukanta: shingen da ya kare mai saye daga jabu shi ne kuma ya kulle ƙofa ga na waje. Wanda gonar kakansa ta faɗo cikin layi ya zama attajiri, wanda tasa ta faɗo taku hamsin a waje ya ci gaba da zama manomi. Coudoulet shaida ce.

Wannan dabara ta sunan asali ta daɗe da fita daga Faransa. OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, ta yi wa masoron Penja na Kamaru rajista a 2013, daga baya kuma albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu. Darajar abin ba ta ɓuya ga wanda ya san tarihin fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ta yi ƙarnuka tana ƙetara Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, don kawai ta can ta bi.

To doka ta ba da suna. Amma gidaje fiye da ɗari biyu ke da haƙƙin rubuta Châteauneuf-du-Pape, kuma farashinsu ba ɗaya ba. Nan ne iyali ya shigo.

A 1909 wani mutum mai suna Pierre Tramier ya sayi Beaucastel, lokacin ƙwaron ya gama da ita. Ya miƙa wa surukinsa Pierre Perrin, shi kuma ya bar wa ɗansa Jacques. Jacques Perrin ya yi abubuwa biyu da maƙwabta suka ɗauka taurin kai ne. Na farko, tun 1950 ya juya wa takin zamani da maganin kashe ciyawa baya, a daidai lokacin da duk Turai ke rungumarsu a matsayin ci gaba. Iskar mistral ta taimaka masa, don da a yanki mai laima yake da abin ya fi haka wuya. Na biyu, ya nace wa wani irin inabi da ake kira mourvèdre. Kusan kashi uku cikin huɗu na gonakin yankin grenache ne, mai son zafi, mai zaƙi, mai sauƙin sha'ani. Shi mourvèdre mai nawa ne, sai kowa ya gama kaka yake nuna, bayan annobar ƙwaron ma manoma da yawa sun watsar da shi don a farko ya ƙi karɓar aure da kyau. Giyarsa tana ƙuruciya ba ta da farin jini, sai ta kwana a kwalba shekaru take gyaruwa. Jacques ya dasa shi da yawa, har ya zama yana kai kusan kashi 30 na babbar giyar gidan, daidai da grenache. Ya kuma riƙe dukkan iri 13, har da waɗanda wasu suka manta sunansu, irin su counoise da vaccarèse da muscardin.

A duba lissafin wannan shawara. Sabuwar kuringa sai ta shekara uku kafin ta ba da abin kirki, kuma masu sana'ar sun yarda cewa sai ta tsufa, saiwarta ta nitse, 'ya'yanta sun ragu, sannan take ba da mafi kyau. Kamfanin da ke ba masu hannun jari rahoto duk wata uku ba zai iya wannan jira ba. Jacques ya rasu a 1978. Sai a 1989 'ya'yansa, Jean-Pierre da François, suka fitar da wata giya ta musamman, mafi yawanta daga tsofaffin kuringun mourvèdre, suka sa mata Hommage à Jacques Perrin, wato girmamawa ga mahaifinsu. Ba kowace shekara suke yin ta ba, kuma ita ce mafi tsada a gidan. Mai dashen bai ga kwalba ɗaya ba.

Aikin haɗin ma na gida ne. Kowane iri ana tsinkarsa a lokacinsa, a tsima shi daban. Bayan watanni sai 'yan gidan su zauna da jerin kofuna, su shinshina, su kurɓa su tofar, su yi gardama kan ko a ƙara wannan a rage wancan, kamar mai haɗa turaren wuta da ke da ma'auninta a ka ba a takarda ba. Daga nan a zuba a manyan tsofaffin gangunan katako ta yi kamar shekara, sannan kwalba. Abin da mai saye ke biya a nan shi ne tabbacin cewa hancin da ya haɗa ta bana ya koya ne a gefen wanda ya haɗa ta shekara talatin da suka wuce.

Yanzu ga ƙullin da ya fi wuyar kwancewa. Duk wanda ya ga yadda gandu ke watsewa bayan rasuwar mai gida, kowa ya ja nasa kason, gonar da ta ciyar da gida guda ta koma filaye ƙanana da ba mai isar kowa, ya san matsalar. Tun kundin dokar Napoleon na 1804 Bafaranshe ba ya iya hana ɗansa gado, kowane ɗa, mace ko namiji, yana da kason da ba a taɓawa. A Burgundy an ga abin da rabo bayan rabo ke yi. Clos de Vougeot gona ce mai hekta 50 cikin katanga ɗaya, wadda sufayen Kirista suka noma ƙarnuka. Yau masu ita sun kai wajen 80, wani kunya kaɗan kawai yake da ita.

Rabon ma da sauƙi a kan haraji. Harajin gado daga uba zuwa ɗa a Faransa yana hawa mataki-mataki har kashi 45 cikin ɗari, bayan an yafe yuro 100,000 na farko ga kowane ɗa. Kuma da farashin kasuwa ake auna gonar, ba da abin da take samarwa ba. Hekta ɗaya a Châteauneuf tana kai wajen rabin miliyan na yuro, a manyan gonakin Burgundy kuwa miliyoyi ake magana. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar hekta 20 da 'ya'ya uku. A takarda dukiyar yuro miliyan goma ce. Ɗaya ne ya zauna a gona, hannunsa duk kanta, biyu suna birni suna aikin ofis. Na birnin sun ga miliyan uku-uku da ɗoriya kwance a ƙasa, abin da ke shigo musu a shekara kuwa bai taka kara ya karya ba, don ribar tana komawa gona. Na gonar ba shi da kuɗin sayen kasonsu, ga hukumar haraji na jira. Akwai hanyoyin sassauci: dokar Dutreil ta 2003 tana yafe kashi 75 na darajar kamfanin iyali idan magada suka yi alkawarin riƙe shi wasu shekaru, ana kuma mai da ƙasar kamfani a raba hannun jari maimakon a raba kunya. Amma duk wannan sai iyali mai shiri tun uba na da rai, mai lauya, kuma mai jituwa. Ɗan uwa ɗaya ya ce shi kuɗinsa yake so, magana ta ƙare.

Wato nasarar sunan ita ce ke cin iyalin. Duk sanda giya ta yi suna ƙasa ta yi tsada, duk sanda ƙasa ta yi tsada gado ya gagara. Masu jira a bakin ƙofa kuma sanannu ne. Kamfanin LVMH na Bernard Arnault ya karɓe Château d'Yquem a 1999, bayan wasu daga dangin Lur-Saluces, waɗanda gonar ke hannunsu tun 1785, sun sayar da kasonsu ba da son mai riƙe da gidan ba. Shi ne kuma ya sayi Clos des Lambrays a 2014. A 2017 iyalin Mommessin suka sayar wa attajiri François Pinault da gonar Clos de Tart, hekta bakwai da rabi kacal, kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura yuro miliyan 200. Ba noman da zai mayar da wannan kuɗi. Attajirin ba riba yake nema ba, abin ado ya saya, amma farashin da ya biya shi zai zama ma'aunin harajin gadon maƙwabcinsa.

Gidan Perrin sun tsira ne ta wata hanya: maimakon a raba gandu, sai suka yi ta faɗaɗa shi har kowa ya sami wurin tsayawa. Tun wajen 1970 suka fito da La Vieille Ferme, giya mai araha da ake sayarwa a manyan kantuna a ƙasashe da dama. A 1989 suka haɗa hannu da ɗan kasuwar Amurka Robert Haas suka kafa gonar Tablas Creek a Kalifoniya, da dashen da aka ɗauko daga Beaucastel. Daga 2012 su ke yin giyar Miraval, gonar da Brad Pitt da Angelina Jolie suka saya. Zuriya ta biyar ce yanzu a kan aiki, wannan na gona, wancan na rumbun giya, wani na kasuwar waje. Saboda haka idan aka ce "na iyali ne", kada a hango tsoho da garma da 'ya'yansa biyu. Babban kamfani ne mai sayar da miliyoyin kwalabe, wanda arahar ke tallafe mai tsadar, mai tsadar kuma ke ba arahar suna. Kalmar iyali gaskiya ce a nan, amma ita ma haja ce, kuma sun iya tallarta.

A can ƙololuwar kasuwa abin ya wuce hankali. A Oktoban 2018 aka yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta 1945 a New York kan dala 558,000, daga gonar da ba ta kai hekta biyu ba, wadda ita ma iyalai biyu ke riƙe da ita. Inda kuɗi ya kai haka ɗan jabu ba ya nisa. Rudy Kurniawan ya yi shekaru yana haɗa giya a ɗakin girkinsa a Kalifoniya yana manna mata tsofaffin takardu. Wanda ya fara tona shi a bainar jama'a ɗan gado ne, Laurent Ponsot, wanda ya ga an sa kwalaben Clos Saint-Denis na gidansu masu shekarun 1945 zuwa 1971 a gwanjo a 2008, alhali ya san gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. An ɗaure Kurniawan shekara goma a 2014.

Amma wannan ƙololuwa siririya ce ƙwarai. A shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya yana shan fiye da lita 100 a shekara, yanzu abin ya sauko wajen 40, matasa kuma sun fi gudun jar giya musamman. A 2023 gwamnati ta ware yuro miliyan 200 don a narkar da giyar da ta yi kwantai a mai da ita barasar masana'antu, a Bordeaux kuma ana biyan manoma su tumɓuke dubban hektoci. Su ma iyalai ne, su ma suna da tambarin AOC, wasu suna nesa kaɗan da gidajen da ake sayar da kwalba ɗaya kan ɗaruruwan yuro. Tambarin bai cece su ba.

Ga kuma zafi. Kakar inabi a kudancin Rhône ta matso gaba da makonni idan aka gwada da shekara hamsin baya. A ƙarshen Yunin 2019 ma'aunin zafi ya kai 46 a lardin Hérault, ba nisa sosai, inabi ya ƙone a jikin kuringa kamar an bi shi da wuta. Grenache da zafi ya yi masa yawa sukari yake tarawa, ƙarfin barasa ya haura kashi 15, giyar ta yi nauyin da masu saye na yanzu ba sa so. Dokar 12.5 da aka sa don a tabbatar inabi ya nuna ta zama ba ta da aiki, damuwar yanzu yadda za a rage ne. Irin da ke nuna a makare, da wanda ba ya tara sukari da yawa, su ake nema, wato mourvèdre da counoise. Manoma da dama a yankin sun koma dasa su a 'yan shekarun nan, suna jiran ƙananan kuringu su kama ƙasa. Waɗanda Jacques Perrin ya dasa sun haura shekara sittin a cikin duwatsun.